Shekarar da Aka Kashe Mini Titi

Na ji labarin da ke yawo tsakanin jikokina, wai akwai shekarar da ɗana Haliru ya kulle ni a gida wata biyu, ni kuma na ci masa mutunci a gaban uwarsa. Wasu har sun ƙara gishiri, sun ce na jefe shi da sanda. Ban jefi kowa da sanda ba, sandata tana da aikin da ya fi wannan. Tun da ni abin ya faru da shi, kuma ni kaɗai na san yadda gari yake a cikin kunnena a wannan shekarar, bari in rubuta shi yadda ya kasance, kada bayan raina a ɗora wa bawan Allah laifin da rabinsa nawa ne.

Ina ɗan shekara shida ƙyanda ta tafi da idona, a gidanmu na Ƙofar Rini. Mahaifina malami ne mai tsauri, irin waɗanda ba sa maimaita magana. Da na warke, mata suka fara ja na da hannu daga ɗaki zuwa tsakar gida, sai ya yanko mini sanda daidai tsawona, ya tara gidan gaba ɗaya ya ce:

"Kowa yak kama mai sandar ga, shi da ni. Ku bar shi shi hwaɗi shi tashi."

Na faɗi kuwa, babu kwatar da ban shiga ba a unguwar. Amma kafin in sauke Alƙur'ani na gane cewa gari yana magana da wanda ya saurare shi. Katanga tana mayar maka da ƙarar takunka, in ta ƙare za ka ji sautin ya buɗe, ka san ka zo bakin lungu. Rumfa tana danne iska a saman kanka. Babur in ya taho daga baya, kunne yana gaya maka nisansa da gefen da zai bi, har ya gaya maka ko mai tuƙin yana da hankali. Da wannan kunnen na yi shekara talatin da ɗoriya ina zuwa ma'aikata, farko ina haɗa waya, daga baya ina buga takardu. Da shi na je neman auren Innarku, da shi na riƙa zuwa duba ginin gidan nan na Runjin Sambo, ina ƙwanƙwasa bulo in gaya wa magina inda suka yi mini ha'inci. Ban taɓa riƙe ɗan jagora ba, kuma ba na ɓoye cewa ina alfahari da hakan. Bayan na yi ritaya, kowace hantsi nakan ƙetare babban titi in je majalisarmu ta gindin dogon yaro, mu sha shayi mu gyara ƙasa da baki, in dawo kafin azahar. Wannan fitar ita ce abin da na mallaka.

Jin ya fara raguwa a hankali, yadda ruwa ke ƙarewa a randa ba a ankara ba. Na fara zargin mutanen gida da magana ƙasa-ƙasa. Na yi wa limami gori cewa ya daina cin abinci ne, shi ya sa muryarsa ta shige ciki. Sai ranar da Luba, autata da ke aure a ƙetaren titi, ta tsaya a bayana ta yi sallama sau uku ban amsa ba. Ita ta kai maganar ga Yayanta Haliru, shi kuma bai yi wata-wata ba ya ɗauke ni zuwa wani asibitin kunne a wani gari.

A nan sai na tsaya in yi wa yaran yanzu bayani, don ba za su fahimci sauran labarin ba in ba su san wannan ba. Haliru ɗan farinmu ne. A gidajen irin namu, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a roƙonsa komai. Ana yaye shi aka kai shi Ƙofar Rini, yayata Dije ta rene shi. In ya zo gaishe ni, ya durƙusa daga bakin zaure, in amsa a taƙaice, sai in juya in tambayi wanda ke kusa ko iyalin "wancan" suna lafiya, alhali wancan ɗin yana durƙushe a gabana. Innarku ta fi ni ma, ita in ya shigo tsakar gida sai ta sami abin yi a ɗaki. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma mun gaje ta ne kamar yadda muka gaji gidan. Shekararsa arba'in da uku a lokacin, ma'aikacin gwamnati mai 'ya'ya biyar a Tudun Wada, amma in aka tara duk maganar da na yi da shi kai tsaye ba za ta cika shafi biyu ba.

To ku duba yadda zamanmu a asibitin ya kasance. Likitan ya gwada kunnuwana, sannan ya juya yana yi wa Haliru bayani, kamar yadda masu ido suka saba in suka ga makaho da rakiya. Ni kuma ba zan tsoma baki a maganar da ɗan farina yake ciki ba. Aka kawo na'urorin ji kala-kala. Haliru ya zaɓi mafi ƙanƙanta, wadda ke shigewa cikin kunne ba a ganinta, don kada mutane su ce tsohon ya haɗa biyu, ga makanta ga kurumta. Mutuncina yake karewa, Allah ya sani. Sai dai ƙanƙantar tata ta sa ba ta da ko maɓalli ɗaya a jikinta. In kana son ƙara murya ko rage ta, ko ka sauya yadda take ɗauko sauti, sai ta cikin wata manhaja a waya. Likitan ya saita ta yadda yake saita wa kowa: ta ɗaga muryar wanda ke gabanka, ta danne hayaniyar gefe da ta baya. Ga mai ido wannan rahama ce, don shi yana kallon mai magana, titi kuma idonsa na tsare masa.

Makon farko na yi murna har na ji kunyar kaina. Na ji tafasar tukunya. Na gano ashe Innarku tana yi mini gunaguni a kan hular da nake ajiyewa ko'ina, shekara nawa ban sani ba. Amma ranar da na fita ƙofar gida sai na tsaya cak. Katangar maƙwabcina ta yi shiru. Injin markaɗen da nake juyawa a daidai shi ya koma can nesa, kamar an kife masa ƙwarya. Babur sai ya zo daf da kafaɗata sannan in ji shi. Muryar mai gaishe ni kuwa tar, kamar a cikin kaina yake. Wato an buɗe mini bakin mutane, an kashe mini titi.

Ba baƙon waya ba ne ni. Ina da tawa mai magana, in shafa fuskarta da yatsa wata murya ta karanta mini abin da ke wurin, da ita nake sauraron labarai da karatu, da ita ma nake rubuta wannan. Na sa Luba ta sauko mini da manhajar. Na ɗora yatsa, muryar ta ce da Turanci, botin, wato maɓalli. Na matsa gaba, botin. Na sake matsawa, botin. Maɓalli goma sha ɗaya na ƙirga, ba wanda aka raɗa wa suna. Luba ta ce hotuna ne a jikinsu, wannan kofi da cokali, wancan bishiya, wani kuma ita ma ba ta gane ko mene ne ba. Wurin ƙara murya kuwa wani zare ne da ake ja da yatsa, shi muryar wayata ba ta ma san yana nan ba. Waɗanda suka ƙera abin sun yi tunanin kurma, sun yi tunanin tsoho, amma bai zo musu a rai ba cewa wanda kunnensa ya yi rauni yana iya zama marar ido, alhali shi ne ya fi kowa buƙatar kunnen.

Taurin kai na gado ya sa na ce zan gane su da lalube. Ina dannawa ɗaya bayan ɗaya ina sauraron abin da zai canza. A wurin wata ta'aziyya, ana tsakiyar addu'a, na sa hannu aljihu na danna wani, kunnen hagu ya mutu ɗif, na dama kuma ya ɗauki tsuwa har na kusa da ni ya zabura. Aka rako ni gida, abin da ba a taɓa yi ba. Labari ya kai Tudun Wada kafin la'asar. Haliru ya zo, ya karɓi wayata daga hannun Luba, ya cire manhajar, ya mayar da ita cikin tasa wayar da lambar sirrinsa, ya maido da saitin likita. Ya ce wa Luba ta gaya mini kada in wahalar da kaina, duk abin da nake so a canza a faɗa masa kawai. Ina zaune taku uku daga inda yake tsaye, na ji shi sarai, na kuma jira Luba ta maimaita.

Daga nan ne nawa laifin ya fara. Na san abin da ke damuna, na san wanda zai gyara, amma ba zan iya buɗe baki in ce masa ga abin da nake so ba. Sai na bi hanyar da aka saba. Na gaya wa Innarku cewa na'urar ta toshe mini titi, a faɗa wa wancan ya buɗe. Ita ba ta magana da shi, sai ta kira Luba. Amma kafin ta faɗa, ta auna maganar ta ga ta yi kama da raina kyauta, sai ta rage mata kaifi, ta ce Malam ya ce abin yana da kyau, sai dai titi ne bai saba ba tukuna. Luba kuma da ta je gaban Yayanta, wanda ya girme ta da shekara ashirin, ta ga ba za ta kai masa ƙorafi a kan abin da ya yi ɗawainiya a kai ba. Abin da ya isa kunnen Haliru shi ne, Baba yana godiya, yana sa albarka, yana ta sabawa. Sau uku ina aikawa, sau uku saƙon yana isa a wanke. Da na matsa wa Innarku sai ta ce:

"Malam, yaro ya yi ƙoƙari nai. In anka ce mai abin bai yi ba, mi za shi ji ga rai nai?"

Ni ma tunanin da nake yi ke nan. Na ci gaba da fita da rabin titi, ina cika sauran da ƙarfin hali. In na cire na'urar ba na jin komai sosai, in na sa ina jin gaba ban jin baya. Wata Talata da hantsi, na sauka daga bakin kwalta zan ƙetare, mai napep ya fito daga bayana ta hagu zai sha kwana. Ya ce ya yi oda, na kuma yarda ya yi. Ya kwashe ni ya zubar, wuyan hannuna na dama ya karye, goshina ya fashe.

Ina kwance da ɗauri aka yi taro a kaina a tsakar gida, kamar ba na nan. Yaya Dije ta zo daga Ƙofar Rini, ƙannen Haliru maza suka zo. Aka yanke cewa tsufa ya zo, Malam ya daina fita shi kaɗai. Masallaci a raka shi, majalisa kuwa in 'yan majalisar suna son sa su zo zaure. Haliru ne ya faɗi hukuncin, don shi ne babba. Ba kulle ni ya yi ba, ba a sa kwaɗo a ƙofa ba. Amma duk wanda na ji ya taso in na ɗauki sanda, na san an sa shi ne. Na yi sati bakwai a zauren nan. Na yi faɗa da kowa, na ce miya ba gishiri, na kori mai wankin hula. Gaskiyar magana tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba tun ina ɗan shekara shida. Na ga ƙarshena a kan tabarma, ana kawo mini labarin gari kamar yadda ake kawo mini tuwo.

Wanda ya fitar da ni daga wannan hali Malam Buhari ne, wani makaho da na koya wa buga tafireta shekarun baya, yanzu yana aiki a ofis kuma ya fi ni sanin waya nesa ba kusa ba. Ya zo duba ni, na kwashe komai na gaya masa. Ya yi dariya ya ce ai wannan ciwon duk sun sha shi, a manhajar banki da ta sayen kati. Ya ce muryar da ke karanta waya tana ba mutum dama ya raɗa wa maɓalli suna da kansa. Mai ido ya zauna kusa da kai, ka ɗora yatsa, ya gaya maka aikin wannan, kai kuma ka rubuta masa suna, daga ranar muryar za ta riƙa kiransa da shi. Ya ce irin waɗannan na'urori galibi suna da saitin da ke buɗe kunne ta kowane gefe, a nema a gani. Na ce to Luba za ta zauna da ni. Ya tambayi wa ke riƙe da lambar sirrin, wa kuma ya hana fitar. Da na faɗa, sai ya ce:

"Malam, ka gahwarce ni. Ba waya ta al lalace ba. Mutum ɗaya ad da makullin ga, kuma kai kaɗai ka iya hwaɗa mai yadda titi shike ga makaho. Luba ba ta taɓa jin katanga ba."

Na kwana uku ina juya maganar. Ubana bai taɓa kiran sunan Yaya Dije, 'yar farinsa, ba har ya koma ga Allah, kuma ban taɓa ganin hakan a matsayin nakasu ba. Amma shi ɗin ne dai ya ce kada a kama mini sanda. Na auna biyun, na ga ɗaya al'ada ce da ya tarar, ɗaya kuma umarni ne da ya ba da a kaina. Ranar Asabar da la'asar Haliru ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin zaure yadda ya saba. Innarku tana daga ciki kusa da ƙofa tana tsince shinkafa, Luba na gefenta. Na amsa gaisuwar, ya yunƙura zai tashi. Na ce:

"Haliru."

Tiren shinkafa ya daina motsi. Shi kuwa ina jin numfashinsa, bai amsa ba, ina tsammanin ya ɗauka wani Halirun ake kira a waje.

"Da kai nika. Matso nan, zamna bisa tabarmar ga. Abin da kas sawo min ya yi, Allah shi yi ma albarka. Amma ya kashe min baya, kuma sau ukku ina aiko ma ba a hwaɗa ma ba. Ba tsuhwa yab buge ni ba, saiti na."

Ya matso, amma bai hau tabarmar ba, ya zauna a ƙasa. Na yi masa bayanin da na yi muku a sama, na katanga da rumfa da babur. Na lura yana cewa to, to, irin ta ladabi, wadda ba fahimta a cikinta. Sai na cire rawanin da ke wuyana na miƙa masa, na ce ya ɗaure idonsa. Na kama hannunsa da hannuna mai lafiya, karo na farko tun yana jariri, na fitar da shi ƙofar gida na tsayar da shi a lungu, na ce ya toshe kunnuwansa da yatsu rabi-rabi, ya taka zuwa bakin titi. Ya yi taku biyar. Wani ɗan kabu-kabu ya wuce ta bayansa, ya daka tsalle ya dafe katanga. Ya tsaya a nan bai kwance rawanin ba, na ji yana jan hanci.

"Baba, haka kaka hita kullum? Wata huɗu?"

Na ce haka.

"Wallahi ba wanda yag gaya min. Cewa aka yi kana sa albarka."

Na ce ina sawa, ba ƙarya aka yi masa ba, rabin saƙon ne aka cinye a hanya, kuma wanda ya fi kowa laifi shi ne wanda ya aika saƙo ga mutumin da ke durƙushe a gabansa.

Yammaci uku muka yi a zaure, kafaɗa da kafaɗa, wayata a tsakaninmu. Ya maido da manhajar, ya ba ni lambar sirrin na haddace. In ɗora yatsa, muryar ta ce botin, shi ya gaya mini hoton, mu danna mu ji abin da ya canza, ni kuma in raɗa suna. Kofi da cokali na sa masa Zaure, don shi ne na hira. Wani na sa masa Masallaci. Bishiyar nan da Luba ta gani ashe ita ce ke buɗe kunne ta ko'ina, tana nan tun ranar farko, taku ɗaya daga inda likita ya bar ni. Na sa mata Titi. Zaren ƙara murya ya gagare mu, don muryar wayar ba ta taɓa shi, sai Haliru ya yi dabara ya ajiye mini Titi iri biyu, mai ƙarfi da marar ƙarfi. Mun kuma gano cewa in wayar tana magana a cikin kunnena, na'urar tana rage sautin waje, wato in na taɓa waya a kan hanya na kurmance ke nan. Muka kashe wannan. Yaron yana da haƙuri da kaifin kai, kuma yana da ban dariya, abin da ban sani ba sai a wannan makon. Wannan ya fi karayar hannun yi mini ciwo.

Kada ku ɗauka abin ya tafi a banza. Yaya Dije ta yi wata uku ba ta taka gidan nan ba, ta ce na zubar da abin da iyayenmu suka riƙe, na kuma nuna wa duniya renonta bai isa ba. Ta rasu ba mu gama shiryawa a kan wannan ba, kuma har yau yana damuna. Innarku ta yi kwanaki tana ajiye mini abinci ba magana, don a ganinta na tona mata asiri a gaban ɗanta. Ita har gobe ba ta kiran sunansa, ban kuma ce ta kira ba. Manhajar ma ba ta bar mu mun huta ba. Sau biyu tana sabunta kanta, in wayi gari duk sunayen sun goge, botin ya dawo, sai mun sake zama. Mun rubuta wa kamfanin takarda, ni na tsara Haliru ya aika, muka ce su raɗa wa maɓallansu suna tun daga can, aikin da ba zai ɗauke su yini ba. Sun amsa da godiya mai yawa. Jin katanga kuma bai dawo mini kamar na da ba, na'ura na'ura ce. Na daina bin shataletale, na daina fita in ana ruwa. Wannan ni na yanke wa kaina, kuma da bambanci tsakanin abin da mutum ya bari da abin da aka karɓe masa.

Ranar da aka kwance mini ɗauri na ce gobe zan fita. Haliru ya ce ya janye maganarsa, ya kuma gaya wa ƙannensa kada wanda ya bi ni. Da hantsi na sa riga, na ɗauki sanda, na shafa waya har muryar ta ce Titi, na danna, na jefa ta aljihu. Ina fita injin markaɗe ya dawo wurinsa. Na bi lungu ina jin kaina yana buɗewa, tsoron yana nan amma ƙafata ta fi shi sauri. Na kusa bakin kwalta sai na ji wani taku a bayana, can nesa kamar taku ashirin, silifa ana jan ɗaya ƙafar. In na tsaya ya tsaya, in na tafi ya taho. Shekara arba'in da biyar ina jin wannan takun tsakanin ɗaki da madafa, ban taɓa jinsa a kan titi ba. Matar da ko kasuwa aike take yi, ga ciwon gwiwa, ta saka hijabi ta biyo ni. Ban juya ba, na ɗaga murya na ce:

"Hajiya, in gida za ki koma, koma. In ƙetarewa za ki yi, taho."

Ta yi tsaye, sannan ta ƙaraso tana haki. Ta ce ita ba bin kowa take ba, gidan Luba za ta. Na ce to gidan Luba ai sai an ƙetare. Muka tsaya a bakin kwalta, motoci da babura suna ta wucewa, na ji ta matsa baya. Ta ce ita fa rabonta da ƙetare titin nan da ƙafa tun ba a faɗaɗa shi ba, ba ta san ta inda ake farawa ba. Na miƙa mata gefen rigata na ce ta riƙe. Na saurari hagu, tifa ta wuce, napep biyu suka bi bayanta, wani babur ya rage gudu zai shiga gidan mai. Na saurari dama, na saurari baya. Sai wurin ya buɗe.

"Yanzu," na ce, na ja ta muka ƙetare.